Kiwon lafiya: kumburi a jiki, damuwa a zuciya

Kowane makiyayi yana gane akuyar da ba ta da lafiya tun daga nesa. Takan ware kanta daga garke, ta sadda kai ƙasa. In an zuba mata dussa ko harawa ba ta ci. Sai ta nemi inuwa ta kwanta, ko ɗanta ya yi kuka ba ta kula shi. Mutum ma haka yake in masassara ta kama shi. Abinci ba ya yi masa daɗi, hira ba ta yi masa daɗi, ba abin da yake so sai a bar shi ya kwanta. In masassara ta sauka, bayan ƴan kwanaki sai ya koma yadda yake.

Amma akwai wanda ciwo zai sake shi, wannan hali kuwa ya ƙi sakinsa. Wata ya wuce, wata biyu su wuce, yana nan zaune jugum. A ƙauye sai a ce ya zama raggo, ko an yi masa sammu, ko iska ta taɓa shi. Sau da yawa abin da ke damunsa ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana da magani. Sunansa ciwon damuwa. Darasin wannan fitowa yana bayani a kan dangantakar wannan ciwo da kumburin da ke cikin jiki.

Mene ne ciwon damuwa?

Baƙin ciki na kowa ne. Wanda aka yi wa rasuwa, ko wanda fari ya cinye masa gona, dole ransa ya ɓaci. Wannan yakan yi sauƙi da kwana a tashi.

Ciwon damuwa ya wuce nan. Ana zarginsa in mutum ya yi sati 2 ko fiye, kusan kullum, wuni guda, cikin baƙin ciki, ko kuma abin da yake so a da ya fita daga ransa. Tare da haka ana ganin wasu daga cikin waɗannan alamomi:

- gajiya ko bai yi aiki ba;
- rashin barci, ko barcin da ya yi yawa;
- rashin cin abinci da rama;
- mantuwa da kasa tsai da hankali wuri guda;
- ganin kansa ba shi da amfani, ko ɗora wa kansa laifin kome;
- tunanin gara mutuwa da rayuwa.

Mutane da yawa ba su cewa ransu ya ɓaci. Sukan ce kansu na ciwo, ƙirjinsu ya yi nauyi, jikinsu duk ya mutu, tunani ya yi masu yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 280 ke fama da wannan ciwo. Ya fi kama mata bisa maza. Cikin mata masu ciki da masu jego, fiye da 1 cikin 10 na samunsa.

Mene ne kumburi?

In ƙaya ta soki ƙafa ta karye a ciki, wurin yakan yi ja, ya yi zafi, ya tashi, ya yi ciwo. Wannan shi ne kumburi. Yaƙi ne jiki ke yi. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne dakarun jiki. Da ƙwayar cuta ta shiga, sai su ruga wurin su taru a kanta. Mugunyar da ke fita daga miki, yawancinta gawarwakin waɗannan dakaru ne da na abokan gabansu.

Dakarun suna da ƴan aike. Wasu sinadarai ne da suke zubawa cikin jini don kiran gudummawa. Likitoci na kiransu sitokin. Ɗaya daga cikinsu, wanda za a sake ambata a gaba, sunansa IL-6. In saƙonsa ya kai ga hanta, sai hanta ta fitar da wani sinadari mai suna CRP. Ana auna CRP a jini a asibiti, don a san ko akwai kumburi a jikin mutum.

Kumburi iri biyu ne. Na farko kamar wutar kara yake: ya tashi da ƙarfi, ya gama aikinsa, ya mutu. Wannan yana da amfani, ba don shi ba da ƙaramin miki ya kashe mutum. Na biyu kamar wutar ƙaiƙayi yake: ba harshe, ba hayaƙi mai yawa, amma tana ci ta ƙasa wata da watanni. Mai shi ba ya ganin ja, ba ya ganin tashi. Wannan ɓoyayyen kumburi shi ne ke da alaƙa da ciwon damuwa.

Yadda saƙon jini ke kai wa ƙwaƙwalwa

A shekarar 1988 wani likitan dabbobi na Amurka mai suna Benjamin Hart ya yi bayani a kan halin dabba marar lafiya. Ya ce kwanciyarta da ƙin cin abincinta dabara ce ta jiki. Zazzaɓi yana cin ƙarfi ƙwarai. Dabbar da ta kwanta tana tattalin ƙarfinta don yaƙi da cuta.

Wani likitan dabbobi kuma, Robert Dantzer, shi da abokan aikinsa a birnin Bordo na Faransa, sun nuna abin da ke kawo wannan hali. In aka yi wa lafiyayyen ɓera allurar sitokin, ko babu ƙwayar cuta a jikinsa, sai ya kwanta, ya bar abinci, ya daina kula ƴan'uwansa. Ashe ƴan aiken jini ne ke ba ƙwaƙwalwa umurnin kwanciya.

Saƙon yana bin hanya biyu. Wani yana bin jini. Wani yana bin wata doguwar jijiya da ta taso daga kai, ta bi ta wuya, ta sauka ƙirji da ciki. In saƙo ya isa, ƙwaƙwalwa takan rage aikin sinadaran da ke sa mutum jin daɗi da himmar tashi neman abu. Barci yakan canza, sha'awar abinci ta ragu.

In cuta ta warke, ƴan aike sukan yi shiru, mutum ya miƙe. Amma in kumburi ya ƙi mutuwa, umurnin kwanciya ba ya yankewa. A duba alamomin mai masassara da na mai ciwon damuwa: gajiya, ƙin abinci, guje wa mutane, rashin jin daɗin kome. Sun yi kama ƙwarai.

Shaidar da likitoci suka samu

Shaida ta farko ta fito daga wani magani mai suna intaferon. Shi kansa sitokin ne. An daɗe ana yin allurarsa ga masu wani irin ciwon hanta da masu wani irin ciwon daji, kafin a samu sababbin magunguna. Likitoci suka lura cewa mutane da yawa da hankalinsu ke kwance kafin allura, bayan ƴan watanni sai ciwon damuwa ya kama su.

A shekarar 2001 likitocin birnin Atalanta na Amurka suka buga sakamakon wani gwaji a kan masu ciwon dajin fata da za a yi wa wannan allura. Tun kafin a fara, aka ba wasu maganin damuwa, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Cikin mutum 20 da ba su samu maganin ba, 9 sun kamu da ciwon damuwa. Cikin 18 da suka samu, 2 kaɗai suka kamu. Wannan gwaji ya koyar da abu biyu. Kumburi yana iya jawo damuwa. Kuma damuwar da kumburi ya jawo tana jin magani.

Shaida ta biyu ta fito daga yankin Biristol na Ingila. An auna jinin yara wajen 4,500 suna da shekara 9, aka sake duba su suna da shekara 18. Rahoton da ya fito a 2014 ya nuna cewa yaran da IL-6 ya fi yawa a jininsu tun suna ƙanana, su ne suka fi samun ciwon damuwa da suka girma. Kumburin ya riga damuwar zuwa.

Abin bai tsaya ga mutanen birni ba. A ƙasar Bolibiya akwai wata al'umma da ake kira Cimane, masu noma da su da farauta, waɗanda cututtuka da tsutsar ciki suka yi wa yawa. Binciken da aka buga a 2015 ya samu cewa a cikinsu ma, masu alamun kumburi a jini sun fi nuna alamun damuwa.

Hanya ce mai zuwa da komowa

Kumburi na kawo damuwa, wahalar zuciya ita ma tana hura kumburi. In mutum na cikin tsoro ko fargaba, jikinsa yakan shirya kamar za a ji masa rauni, dakarun jini su tashi tsaye. In fargabar ta yini guda ce, ba kome. In ta shekara ce, jiki yakan kasa kashe wutar da ya kunna.

A jihar Ohayo ta Amurka, a shekarar 1995, an gwada mata masu jinyar tsofaffin da suka ruɗe. Da yardarsu aka yi masu ɗan ƙaramin miki a hannu, aka yi irinsa ga mata tsaransu da ba su jinyar kowa. Mikin masu jinya ya ƙara wajen kwana 9 kafin ya warke. Wannan darasi ne ga kowane gida da aka bar wa mace guda jinyar marar lafiya dare da rana.

Mai damuwa kuma ba ya barci da kyau, ba ya cin abinci, wani ya ƙara shan taba. Duk waɗannan suna ƙara kumburi. Haka abin ke zagayawa, har sai an yanke shi daga wani wuri.

Me ya sa wani ke faɗuwa, wani ya tsaya?

Ruwa guda ke dukan katanga biyu, ɗaya ta zube, ɗaya ta kai kaka. A gwajin Atalanta, mutum 11 cikin 20 sun sha allurar intaferon ba tare da maganin damuwa ba, kuma ba su kamu ba. Masana na kiran halin wanda ke saurin kamuwa rauni, halin wanda ke tsayawa kuma juriya.

Wani sashen raunin yana cikin jini. A birnin Niyu Yok an yi gwaji da ɓeraye, aka buga shi a 2014. Kwana 10 ana saka ƙaramin ɓera wurin wani ƙato mai faɗa, na ƴan mintoci kowace rana. Bayan haka yawancin ƙananan suka koma gudun kowane ɓera. Amma wajen 1 cikin 3 suka ci gaba da harkarsu. Da aka duba jinin da aka ɗiba tun kafin a fara, sai aka ga waɗanda suka karaya dama dakarun jininsu sun fi saurin zubo IL-6. Aka ɗauki ɓargon ɓeran da ya karaya aka dasa wa wani, shi ma ya zama mai saurin karaya. Da aka toshe IL-6 da magani kuwa, ɓerayen suka jure. Ɓera ba mutum ba ne, amma gwajin ya nuna cewa juriya ba ƙarfin hali kaɗai ba ce. Wanda ya faɗi bai cancanci gori ba.

Wani sashen raunin kuma daga ƙuruciya yake. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan ana bin rayuwar mutum fiye da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. A 2007 aka bayyana cewa waɗanda suka sha duka mai tsanani, ko wulakanci, ko rashin mai kula da su suna yara, sun fi samun CRP mai yawa suna da shekara 32. Tabon bulala yakan ɓace daga fata, jini kuwa yana riƙe da shi. Iyaye, da masu riƙon marayu, da malaman da aka danƙa wa yara, su riƙe wannan.

Sauran abubuwan da ke ƙara rauni su ne:

- ciwon da ya daɗe ba a yi maganinsa ba, kamar tarin fuka, ciwon hanta, ciwon sukari, tsargiya, gyambo da ciwon dasashi;
- masassarar cizon sauro mai tafiya tana dawowa;
- taba da giya da ƙiba mai yawa;
- hayaƙin itace a ɗakin da ba shi da taga;
- kaɗaici, da zaman gidan da ba a rabuwa da faɗa;
- wanda ya taɓa yin ciwon damuwa, ko akwai shi a danginsa.

A yi hattara

Ba kowace damuwa ce daga kumburi ba. Da aka tara bincike masu yawa a 2019, an samu cewa wajen mutum 1 cikin 4 na masu ciwon damuwa ne ke da ɓoyayyen kumburi a jini. Sauran nasu ya biyo wasu hanyoyi: gado, rashi, talauci, zalunci. Awon CRP kuma ba ya nuna damuwa, don masassara ko miki ma na ɗaga shi. Ana gane ciwon damuwa ta hanyar tambaya da saurare.

A 2013 likitocin Atalanta sun gwada wani maganin kumburi mai ƙarfi a kan mutum 60 da damuwarsu ta ƙi jin magani. Da aka haɗa su duka, maganin bai fi allurar da babu magani a cikinta ba. Waɗanda CRP ya yi yawa a jininsu ne kaɗai suka nuna alamar sauƙi.

Saboda haka kada wanda ya karanta wannan darasi ya tafi wurin mai tallar ƙwayoyi a kasuwa ya sayi maganin kumburi don ransa ya ɓaci. Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diklofenak, in an daɗe ana sha, suna ƙwaƙule ciki, su sa zubar jini, su lalata ƙoda. Suna da haɗari ga mai ciki. Tramol kuwa, da wasu samari ke sha don su ji ƙarfin aiki, yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma iya sa farfaɗiya.

Abin da gida da gari za su iya yi

Na farko, a kashe wutar tun tana ƙarama. A kwana cikin sange. In masassara ta zo, a je gidan likita a yi awo, a shanye magani duka. A karɓi maganin rigakafin masassara da ake raba wa yara ƙanana da damina. Tarin da ya wuce sati 2 a kai shi awo. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha, kuma mai damuwa yana da saurin yanke shi a tsakiya, don haka a samu wani a gida mai tuna masa kullum. Fitsarin jini ga yaro ciwo ne, a yi masa magani. A wanke miki da ruwa mai tsabta da sabulu. A riƙa yin asuwaki. A dafa abinci inda iska ke wucewa.

Na biyu, a ciyar da jiki. Hatsi shi kaɗai bai isa ba ga wanda ya tashi daga ciwo. A haɗa masa da wake, gujiya, zogale, kuka, yakuwa, nono, da ƙwai ko kifi in an samu. A bar shi ya samu barcin dare.

Na uku, a tashe shi a hankali. Wanda ya daɗe kwance kada a miƙa masa hauya rana guda. Yau ya zauna ƙofar gida, gobe ya taka zuwa masallaci, jibi ya ba dabbobi ruwa. Motsa jiki yana cikin abubuwan da ke rage damuwa.

Na huɗu, kada a bar shi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi masa gayya a gonarsa. Ƙungiyoyin asusu na mata, irin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna haɗuwa kowane sati. In wata ta yi fashi sau biyu, a je a dubo ta. A ƙasar Zimbabwe wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara wani aiki a 2006: aka koya wa tsofaffin mata saurare, suna zama bisa benci kusa da gidan likita, mai damuwa ya zo ya faɗi abin da ke ransa, su taya shi neman mafita ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016, da mutum fiye da 500, ya nuna cewa bayan wata 6 waɗanda suka zauna bisa bencin sun fi samun sauƙi.

Na biyar, a kula da mai jego. In ta yi zazzaɓi, ko jinin biƙi ya yi wari, a kai ta wurin ungozomar gidan likita ranar nan. In ta wuce sati 2 tana kuka ba dalili, ba ta barci ko jinjiri ya yi barci, ko ba ta sha'awar ɗaukarsa, miji da uwar miji su sani ciwo ne. A ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, a kai ta likita.

Na shida, a nemi magani. A gaya wa ma'aikacin lafiya kome, na jiki da na zuciya. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura mutum babban asibiti. Maganin damuwa yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ji aikinsa, kuma ba a barinsa sai da izinin likita. Addu'a da magani ba su hana juna. Ciwon damuwa yana kama mai ibada kamar yadda masassara ke kama shi.

In mutum ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara maganar kashe kansa, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, tambaya ba ta saka masa tunanin. A ɓoye maganin ƙwari, da ƙwayoyi, da igiya, da makami. Wani ya zauna tare da shi, a kai shi gidan likita ba tare da jiran gobe ba.

Sababbin kalmomi

- Sitokin: ƴan aiken dakarun jini.
- IL-6: ɗaya daga cikin sitokin.
- CRP: sinadarin da hanta ke fitarwa in akwai kumburi.
- Rauni: saurin kamuwa.
- Juriya: iya tsayawa da iya farfaɗowa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne alamomi 4 ake gani a wurin da ƙaya ta soka?
2. Mene ne bambancin kumburi irin wutar kara da irin wutar ƙaiƙayi?
3. Bayan sati nawa ake zargin baƙin ciki ya zama ciwon damuwa?
4. Cikin masu ciwon damuwa 100, wajen nawa ke da ɓoyayyen kumburi, in 1 cikin 4 ne?
5. Me ya sa bai kamata a sayi maganin kumburi a kasuwa don damuwa ba?
6. A garinku, wa ke zuwa duba wanda ya daina fitowa? In babu, wa ya kamata a ɗora wa wannan aiki?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa wannan shafi, maza da mata.